Filin Tambaya da Amsa: Kantin bindiga a intanet da ƙorafin masu saye

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya, ya aiki, ya iyali? Ni ɗan Katsina ne, ina karatun kwamfuta a wata jami'a kusa da Dalas, jihar Texas ta Amurka. Makaranta ta ba ni izinin aikin sanin makama, sai na samu gurbi a wani ƙaramin kamfani da ke gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Aikin farko da aka damƙa mini shi ne shafin wani dattijo mai kantin bindigogin farauta da ƙananan bindigogi, yana sayarwa a kanti yana kuma sayarwa ta intanet. Shekara biyu yana tara saƙonnin masu saye, bai taɓa zama ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya turo mini su duka, guda 214, ya ce in gyara shafin yadda mutane za su daina damunsa.

Na karanta har kaina ya ɗau zafi. Wasu na cewa don me ba za a kawo musu kaya har gida ba kamar yadda Amazon ke yi. Wasu sun je karɓa an caje su kuɗin da ba su gani a shafi ba. Wani ya biya, bayan kwana huɗu aka ce masa kaya sun ƙare. Wasu ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, suke so su biya. Wani kuma ya zage mu tas don an hana abokinsa ya karɓo masa. A aji an koya mana cewa duk abin da ke tsayar da mai saye tsakanin gani da biya, a kawar da shi. Ta ina zan fara? Sannan dattijon ya ce in zo kanti ranar Asabar in ɗauki sababbin hotunan bindigogin da kaina. Kuma Yaya, in faɗa maka gaskiya, zuciyata ba ta gama kwanciya da aikin ba.

*Ƙaninka a Texas*

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau muke, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara ta wutsiyar wasiƙarka, domin a nan gizo ke saƙar. Tunda makaranta ce ta ba ka izinin aiki, na ɗauka da bizar ɗalibi kake zaune. To dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da irin wannan biza ta zaman wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, sai fa in yana cikin 'yan tsirarun da aka keɓe, kamar mai lasisin farauta na wata jiha wanda bai ƙare ba. Mai katin zama na dindindin, hanin bai hau kansa ba. Dattijon nan ba da mugun nufi ya kira ka ba. Cikin abin aka haife shi, ko a mafarki bai taɓa tunanin biza ba. Amma kai in ka ɗauki bindiga kana juya ta don hoto ya fito, ko da babu komai a cikinta, ka tsaya a bakin rami. Ka je da kyamararka, shi ko yaronsa su jera kayan su juya maka, kai dai hannunka na kan kyamara. Kafin Asabar ɗin kuma ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka faɗa musu irin aikin da aka ba ka. In sun ce ka ga lauya, ka gan shi. Kuɗin lauya na awa guda ya fi sauƙi a kan komawa Katsina babu takardar digiri.

To, mu koma kan saƙonni. Abin da aka koya muku a aji gaskiya ne ga mai sayar da takalmi da turare, ni ma da shi nake cin abinci. Sai dai bindiga ba takalmi ba ce. Da yawa daga cikin tsaikon da mutanen nan ke kuka da shi ba dattijon ne ya ɗora shi ba, kuma ranar da ka kawar da shi, ranar ka rufe masa kanti. Saboda haka abin da za ka fara yi, ka buga saƙonnin a takarda. Na san za ka ce kai ɗan kwamfuta ne. Buga su. Ka baje su a tsakar ɗaki, ka ɗauki kowanne ka yi masa tambaya ɗaya: wa ke da ikon gyara wannan, mu ko majalisa? Na kan yi haka da duk aikin da aka ba ni, kuma ban taɓa yi ba tare da na ga tsibi ɗaya ya rinjayi saura ba. A naka, na yi imani tsibin da zai fi tsawo shi ne na mutanen da ba a yi musu laifi ba, ba a dai faɗa musu yadda abin yake ba sai bayan kuɗinsu ya fita.

Ɗauki mai cewa a kawo masa har gida. Garin da kake zaune ne ma silar hana shi. A watan Maris na 1963 Lee Harvey Oswald ya yanko takardar oda daga wata mujalla, ya cike ta da sunan ƙarya, ya aika wa wani kantin kayan wasanni a Shikago da dala 21 da santi 45, har da kuɗin aike. Aka turo masa tsohuwar bindigar sojan Italiya mai madubin hange zuwa akwatin gidan waya a Dalas. Ba wanda ya ga fuskarsa, ba wanda ya nemi katin shaidarsa. Ranar 22 ga Nuwamban wannan shekara aka harbe Shugaba Kennedy, hukumar da ta yi bincike kuma ta ce da wannan bindigar ce. Majalisa ta yi ta jan ƙafa har 1968, da aka kashe Martin Luther King a Afrilu aka kuma kashe Robert Kennedy a Yuni, sannan aka zartar da dokar taƙaita bindigogi, Shugaba Johnson ya sa mata hannu a Oktoba. Ita ce ta toshe hanyar aika wa mutum bindiga gida kai tsaye daga wata jiha. Dokar Brady ta 1993 ta ƙara da binciken mai saye, kuma tun Nuwamban 1998 hukumar FBI ke gudanar da wannan bincike ta na'ura, wanda suke kira NICS. Wato yau in ka sayi bindiga ta intanet, ba gidanka za ta je ba. Za ta je kantin wani dila mai lasisin tarayya a kusa da kai, wanda suke kira FFL, kai kuma ka je da ƙafarka.

Na taɓa ganin yadda ake yi da idona. Shekarun baya, ina aiki a jihar Ohayo, na raka wani abokin aikina mafarauci karɓar bindigar da ya saya ta intanet. Wurin ɗan ɗaki ne a bayan kantin sayar da ƙugiya da zaren kamun kifi, sai warin man goge ƙarfe. Mai kantin, tsoho da tabarau a kan hanci, ya sa wuƙa ya yanke kwalin a gabanmu, ya zaro bindigar, ya buɗe ta ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, sannan ya karanta lambar da ke jikinta yana gwadawa da ta takarda, har sau biyu. Ya miƙa wa abokina ya ce ya duba da kyau tun bai sa hannu ba. Abokina ya kai ta ƙarƙashin fitila yana shafa katakon yana neman tsaga. Da ya gamsu sai aka ba shi fom mai lamba 4473: suna, adireshin da dole ya yi daidai da na katin shaida, sai jerin tambayoyin i ko a'a. Kai ne ainihin mai saye? An taɓa kama ka da babban laifi? Kana shan ƙwaya? Tsohon ya shigar da bayanan a kwamfuta muka tsaya jira. Amsar FBI ɗaya ce cikin uku: a ba shi, a dakata, ko a hana. Ran nan "a dakata" ta fito, wataƙila don sunan abokina irin wanda ake samun dubunsa ne. Muka koma mota hannu rabbana. Bayan kwana biyu aka kira shi, ya je ya biya tsohon dala 35 ladan aikinsa, ya ɗauko.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko tsaki abokina bai yi ba, saboda ya san haka abin yake. Masu rubuto wa dattijonka cikin fushi yawancinsu sabbin shiga ne, sun danna maɓallin biya suna zaton jibi za a ƙwanƙwasa musu ƙofa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Kantin Kwari ya yi kasuwanci, ni kuma a gindin teburinsa na tashi. In mace ta zaɓi atamfar da ya san za ta zuba a wankin farko, sai ya ajiye almakashi ya faɗa mata tukuna. Wasu su fasa, mu yara muna jin haushi. Shi kuwa abin da ya sani, yadin da aka yanka ba ya komawa bandir. Haka bindiga take. Da zarar mutum ya cike fom ya fita da ita, ta zama ta hannu, yawancin kantuna ba sa karɓa, sai dai ya bi garantin kamfanin da ya ƙera. Don haka bayanin nan wurinsa kusa da farashi, a shafin kowace bindiga, da manyan baƙaƙe. Kada ka cusa shi cikin dogon shafin sharuɗɗan nan da ko wanda ya rubuta shi bai sake karantawa ba. Layi huɗu sun isa: ba gida za a kai ba, za ka je da katin shaida ka cike fom a bincike ka, dilan zai karɓi ladansa daban, kuma ka duba kayanka sosai kafin ka sa hannu.

Maganar ladan nan ita ce "kuɗin da ba a gani a shafi ba". Ba aljihun dattijon suke shiga ba, kowane dila shi ke yanka nasa, wani ya karɓi dala 25, wani 50, wani sama da haka. Amma mai saye bai san wannan rabon ba, shi dai ya san an ce masa kaza ya biya kaza da ɗori. Maganinsa ka nemi lambar yankin mai saye, wato lambar gidan waya da ke cikin adireshinsa, tun kafin ya isa wurin biya, ka jero masa dilolin da ke kusa da shi, kowanne da ladansa in an sani, da ranakun da yake buɗewa. Ka kuma sa alama a kan waɗanda kwafin lasisinsu ke hannun kantinku. Wannan ƙaramin abu ne mai rage ƙorafi da yawa, domin doka ba ta yarda dattijon ya saki kaya ba sai ya tabbatar da lasisin wanda zai karɓa. Sau da yawa in ka ji an ce "na biya mako guda ba a aiko ba", kwalin na nan a ɗaure, ana jiran wani tsoho a wani ƙauye ya tuna ya turo kwafin takardarsa. Lasisin shekara uku yake yi, kuma hukumar ATF mai kula da harkar tana da shafin da ake duba ko lamba na nan da rai. Ka sa manhajarka ta riƙa tuna wa kanti wanda nasa ya kusa ƙarewa.

Lambar yankin nan za ta yi maka wani aikin. Amurka ƙasa ɗaya ce a taswira, amma a maganar bindiga jiha hamsin ce, kowace da nata. A Texas babu kwanakin jira. A Kalifoniya sai an jira kwana 10, ba a sayar da gidan harsashi mai cin fiye da guda 10, kuma ƙananan bindigogi sai waɗanda ke cikin jerin da jihar ta amince da su. A Ilinoyi sai mutum na da katin izinin mallaka na jihar, sannan ya jira awa 72. Dokar tarayya ta sa shekara 18 ga doguwar bindiga, 21 ga ƙarama in daga hannun dila za a saya, amma Fulorida ta ɗaga nata zuwa 21 a 2018 bayan harbin makarantar Parkland. Dokokin nan kullum suna gaban kotu, yau a ɗaga gobe a sauke. Kada ka zauna kai kaɗai ka tsara jerin daga abin da ka tsinta a intanet. Dattijon ya samo shi daga lauyansa, kai ka shigar, ka rubuta ranar da aka duba shi na ƙarshe. Shafin ya riƙa ce wa mutum "ba a aika wannan jiharku" tun yana kallon hoto, ba sai ya gama shigar da lambar kati ba.

Wanda ya biya aka ce masa kaya sun ƙare kuwa, yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, a ba shi haƙuri. Ƙananan kantuna kan jera kayan da ke sito na babban dila kamar a kan kantarsu suke, ko kuma a sayar da guda ɗayan da ya rage ga wanda ya shigo da ƙafa, shafi bai sani ba sai dare. Cinikin biri a sama ke nan. Ka haɗa lissafin kanti da na shafi su zama ɗaya, ka bambanta "yana hannunmu" da "sai mun ɗauko", kuma kada a cire kuɗin mutum sai an ga kwalin da ido.

Akwai wani abu da ba ka ambata ba, amma ka duba, zan yi mamaki in babu shi a tsibin: masu cewa wurin neman kaya ba ya tace musu harsashi yadda suke so. Wannan ka ɗauke shi da nauyi fiye da yadda yake a ido. Manhajojin ciniki suna da ɗabi'ar cewa "waɗanda suka sayi wannan sun sayi wancan". A shagon takalmi in ta yi kuskure, safa ce ba ta dace ba. A nan in ta haɗa wa sabon shiga harsashin bindigar tsuntsaye mai lamba 20 da bindiga mai lamba 12, mai lamba 20 ɗin, da yake shi ne ƙarami, zai zurma cikin bututu ya maƙale, in aka sa na daidai a bayansa aka ja kunama, bututun na iya fashewa a hannun mutum. Don gudun haka ne ma masana'antun can suke yi wa mai lamba 20 kwanso rawaya. Ka kashe wannan shawarar ta na'ura a sashen harsasai, sai wadda mai kanti ya haɗa da hannunsa.

PayPal ba zai yiwu ba, dokar kamfanin ta hana cinikin bindiga da harsashi, in aka gano sai a rufe asusun. Shopify ma, dandalin buɗe kanti a intanet, a 2018 ya hana sayar da wasu nau'o'in bindigogi a dandalinsa, Google da Facebook ba sa karɓar tallarta. Rubuta layi ɗaya ka faɗi dalili, ka wuce.

Sai mai zagin nan da aka hana abokinsa karɓo masa. Wannan saƙon ka ware shi gefe, kada ka sa shi cikin abin gyara. Tambaya ta farko a jerin i ko a'a na fom ɗin nan ita ce ko kai ne ainihin mai saye, kuma an sa ta ne don hanyar da wanda aka haramta wa bindiga ya fi bi ke nan: ya ba wani mai tsabtataccen suna kuɗi ya tsaya masa. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 2014, a shari'ar Abramski, cewa ƙarya a wannan tambayar laifi ne ko da wanda aka saya wa shi ma ya cancanci mallaka. Dokar 2022 kuma ta mai da saya wa wanda aka haramta wa laifi mai zaman kansa, ɗaurinsa na iya kai shekara 15. Mai yiwuwa mutumin nan aiki ne kawai ya riƙe shi, abokin nasa kuma mutumin kirki ne. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne, kuma kai daga bayan kwamfuta ba ka da hanyar sani. Sunan da ke kan oda da na katin shaidar mai karɓa su zama ɗaya, ka rubuta haka ɓaro-ɓaro. In wani ya fusata ya tafi wani kantin, Allah ya raka taki gona. Haka nan wanda bincike ya hana shi: a faɗa tun farko nawa za a cire masa na mayar da kaya, don kada rigimar kuɗi ta hau kan rigimar hani.

Wani ƙorafin kuma ba a rubuto shi ba, masu shi sun rufe shafin ne sun tafi. Mai sayen bindiga yana tsoron adireshinsa fiye da mai sayen kowane kaya, kuma da dalilinsa. A 2021 an kutsa shafin cinikin bindigogi na Guntrader a Birtaniya aka kwashe bayanan mutum sama da 100,000, daga baya aka zuba adireshinsu a kan taswira, kamar an zana wa ɓarawo hanya. A Yunin 2022 ma'aikatar shari'a ta Kalifoniya da kanta ta saki bayanan masu izinin yawo da bindiga bisa kuskure. Saboda haka kada ka tilasta wa kowa buɗe asusu kafin ya saya, kada ka ajiye abin da doka ba ta ce a ajiye ba, kuma ka duba irin saƙon da shafin ke turawa waya. Mutum na zaune a ofis, wayarsa na kan tebur, sai ga sunan bindiga da lambarta sun haska a fuskar waya kowa na gani. "Odarka ta tashi" ya wadatar.

Za a zo maka da wata shawara, in ba a riga an zo ba: a goge munanan ra'ayoyin da ke ƙarƙashin kaya, a ɗan ƙara masu daɗi. Tunda manyan kafafe ba sa karɓar talla, bakin masu saye shi ne tallar irin wannan kanti, shi ya sa jarabar ke da ƙarfi. Kada ka yarda a yi da hannunka. Tun Oktoban 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta haramta ƙirƙirar ra'ayin ƙarya da sayensa, tarar kuma ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Ban da doka ma, ra'ayi mai tauraro biyu da mai kanti ya amsa a ƙasansa cikin ladabi, ya ce dala 40 ɗin nan ladan dilan garinku ne kuma yanzu mun sa shi a shafi, ya fi yabo goma sayar da kaya.

Maganar zuciyarka na bar ta ƙarshe don ba ni da ta cewa mai yawa. Ni ba malami ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta sayar da makami ga mafarauci ko mai tsaron gidansa da sayar da shi lokacin fitina ko ga wanda aka san zai yi ɓarna, ka samu limamin masallacinku ku zauna. Abin da zan iya ba ka shi ne lissafi. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Mu daga nesa harbin makarantu muke ji a rediyo, amma mafi yawan gawarwakin mutum ne shi kaɗai a ɗaki. To in ka ga saƙon da ke cewa a ƙara hanyar aike ta gaggawa, a sa agogon da ke ƙirga "saura minti goma rangwame ya ƙare", ka tuna da wannan adadin. Dabarun hanzarta mai saye da aka koya muku, a wannan shafin ka bar su a aji. Tun Yulin 2022 akwai lambar 988 da mai cikin ƙuncin rai ke kira a duk faɗin ƙasar, sa ta a ƙasan kowane shafi ba zai ci wa dattijon ko santi ba. Doka ta riga ta wajabta wa dila ya haɗa ƙaramar bindiga da abin kulle ta. Kai kuma ka sa akwatunan ajiya masu makulli su fito kusa da kwandon saye, inda manhajar ta so ta sa ƙarin harsashi. In ka kawo waɗannan dattijon ya ce a'a, ka san irin wanda kake wa aiki, sai ka roƙi kamfaninku su ba ka shafin mai sayar da furanni.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina zaune a wani gari a jihar Zamfara, halin da muke ciki ba sai na faɗa ba. Ina ganin shafukan Amurka suna sayar da bindiga da farashi a rubuce kamar waya. Ina da katin dala. In na yi oda za su aiko mini, ko in sa ɗan'uwana da ke can ya saya ya sako a mota?

*Mai karatu daga Zamfara*

Amsa

Malam, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya tsare ku da iyalanku. Ba za su aiko ba. Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnatin ƙasar, shigo da ita Najeriya kuma sai da izinin hukuma a nan, har da takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta sa bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogi a ƙarƙashin lasisin shugaban ƙasa, irin na farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin jiharku ta ce jama'a su nemi bindiga, ta hanyar neman lasisi ta ce a bi. Duk shafin da ya ce zai kawo maka har Gusau in ka tura kuɗi, ɗan damfara ne, kuɗin kawai zai ci.

Maganar ɗan'uwanka kuwa, don Allah ka bar ta. A can zai yi ƙarya a fom, ya kuma yi fasa-ƙwaurin makami, laifi biyu kowanne da ɗaurinsa. A nan kwastam na jiran irin wannan kaya: sun kama bindigogi 661 a Legas a Janairun 2017, sun kama 844 a tashar Onne ta jihar Ribas a 2024. Motar da za a buɗe a tashar jirgin ruwa, sunanka ne a takardarta.